Allura tana tsalle: neman mazauni ga garmahon Baba

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau dai na cika alkawarin da na yi wa Hajiya, mahaifiyata, tun damina, na sauko da kwalayen marigayi Baba guda uku daga ɗakin baya. Ita ɓeraye ne damuwarta, ba kiɗa ba. Ni kuwa da na buɗe sai na zauna daɓas a ƙasa har la'asar ta kusa wuce ni. Faifan garmaho 61 na ƙirga. Mafi yawansu manya ne masu juyi 33 da sulusi a minti, sai ƙanana masu 45, sai guda 7 masu nauyi irin na da can, masu juyi 78, waɗanda in ɗaya ya suɓuce sai dai a share shi kamar tangaran. Akwai kalangu, akwai kuntigi, akwai goge, akwai kiɗan mutanen Kudu na zamanin samartakar Baba. Da yawansu a Legas aka buga su.

Garmahon ba irin mai ƙaho da ake wanawa da hannu ba ne. Na lantarki ne, ƙirar Japan ta shekarun 1970, mai bel: ƙaramin moto a kusurwar baya yana jan farantin da zoben roba. Bel ɗin ya narke ya manne kamar kwalta, allurar ta guntule. Amfilifaya ta kama da na jona ta, lasifikoki biyun ma lafiyarsu lau. Na ɗauka aikin mako ɗaya ne.

Abu guda zan rubuta tun yanzu don kada in manta: gidanmu a unguwar Gangare ta Jos bene ne na da, daɓen sama katako ne a kan gungume, ba kankare ba. Mu muke sama, Hajiya tana ƙasa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bel da sabon kan allura sun iso daga Abuja jiya, na karɓo a tasha. Audio-Technica AT-VM95E na saya, don shi aljihuna ya iya ɗauka, kuma in allurar ta cinye ana zare ta a sa wata ba tare da an taɓa sauran ba. Kamfanin ya ce a ɗora mata nauyin giram 1.8 zuwa 2.2, an fi son 2.0. Na aro ƙaramin sikelin lantarki wurin wani mai sayar da gwal, na yi ta murza ƙarfen nauyin da ke bayan hannun da ke ɗauke da allura har lamba ta tsaya a 2.0.

Na jera komai a kan tsohon shokes ɗin Baba kamar yadda na taso na gani: garmaho a tsakiya, lasifika a dama, lasifika a hagu. Na sa faifan kuntigi. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba, sai dai in ce ɗakin ya koma min ɗakin da nake ɗan firamare.

Minti biyu aka yi. Autana ya shigo a guje, allura ta yi ƙarrr ta haye layi uku. Na kore shi na mayar. Na ƙara murya kaɗan, sai ga wani gurnani ya taso daga can ƙasa, yana kumbura da kansa har gilashin shokes ya fara karkarwa. Da sauri na rage. Na duba maɓallin ƙara murya, in ka ɗauke shi kamar hannun agogo, yana wajen ƙarfe 10. Daga yau wannan ne ma'aunina: a ƙarfe nawa gurnani ke farawa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ashe ƙara biyu ce ta haɗu min, na ɗauke su ɗaya. Akwai wani zuuu da ba ya tashi ba ya sauka, ko allura tana kan faifai ko tana sama. Wannan na wuta ne, bugun 50 a daƙiƙa na lantarkin ƙasar nan. Siririyar wayar at (earth) da ke fitowa daga bayan garmaho ban ɗaura ta ba, tana reto. Da na ɗaure ta a notin da aka tanada a bayan amfilifaya sai zuuu ɗin ya ɗauke ɗif.

Gurnanin kuwa yana nan. Ga gwajin da na yi, kuma shi zan riƙa maimaitawa: a kashe moto, a sauke allura a kan faifan da ke tsaye cak, a ƙara murya sannu a hankali, hannu yana kan maɓalli don kada lasifika ta yage. In na ƙwanƙwasa shokes da ɗan yatsa sai lasifika ta amsa kamar an bugi ganga. In na taka a tsakar ɗaki sai in ga takardar babbar lasifika tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai haki, alhali kunne bai ji komai ba. Wato allurar nan ba ta san kiɗa ba. Motsi kawai ta sani. Tsagin faifai ya motsa ta ko ƙafata ta motsa ta, duk ɗaya ne a wurinta, za ta kai saƙo.

Dalilin da ya sa abin ya fi muni a sauti mai kauri shi ne yadda ake yanka faifan tun asali. Ana rage bes, wato sautin nan mai kauri, sosai lokacin yanka don tsagin ya yi siriri waƙa ta samu wuri, sannan amfilifaya ta mayar da shi lokacin saurare. Tsarin RIAA ke nan, wanda kamfanonin Amurka suka daidaita a kansa a 1954. Kan allura irin nawa milibolt 4 yake fitarwa, sai an ninka shi kamar sau 100, sannan can ƙasa wajen bugu 20 a daƙiƙa a sake ninkawa kusan sau 10. Duk ɗan motsin da katakon gidanmu ya yi, ta wannan ƙofar yake bi ya fito ƙato.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na sauke lasifikokin daga shokes na ɗora su a kan bulo bibbiyu a ƙasa, nesa da garmaho. Gurnani ya matsa zuwa ƙarfe 11 da rabi. Ko sisi ban kashe ba, kuma har yau babu abin da ya kawo canji da sauri kamar wannan. Na kuma cire murfin roba gaba ɗaya lokacin saurare, don in yana buɗe a tsaye tarar iskar lasifika yake yi ya zuba wa jikin garmaho.

Daga nan sai na yi wayo. Na yanko soso daga tsohuwar katifar yara na shimfiɗa a ƙarƙashin garmaho, a tunanina laushi zai shanye komai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da can sai an yi gudu allura ke tsalle, yanzu ko uwargida ta wuce da tire a hankali sai garmahon ya yi ta rangaji kamar kwalekwale. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, in dai sai mun riƙa sanɗa a gidanmu saboda wannan abu, gara ka faɗa mana tun wuri.”

Lahadi, 1 ga Disamba

Ƙanina da ke karatun fiziks a Jami'ar Jos ya zo cin tuwo, na nuna masa soson. Dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya nemi rula.

Ya ce, “Yaya, duk abin da ka ɗora a kan abu mai laushi ya zama lilo. Kowane lilo kuma yana da nasa bugun. In ka tura shi daidai da bugun nan sai ya yi ta ƙara nisa. In ka girgiza igiyar da sauri fiye da bugunsa sosai, wanda ke zaune ko gezau. To sosonka bai hana motsi ba, lilo ka yi wa garmaho.”

Na ce to ta yaya zan san bugun nawa lilon. Ya ce a auna yadda soson ya lotsa in an ɗora kaya. Lissafin ba wuya: in ya lotsa santimita 1, bugun yana wajen 5 a daƙiƙa. In milimita 2.5 ne, wajen 10. In milimita 1 ne, wajen 16. In ana son a sauko zuwa 3 sai ya lotsa santimita 2 da rabi ko fiye. Ya ce da sifirin na ƙarfe lissafin ya fi zama daidai, da soso ko roba kuwa ƙiyasi ne kawai. Kuma kariya ba ta farawa sai girgizar da ke zuwa ta wuce bugun lilon da kamar ninki 1.4. Abin da ke ƙasa da haka wucewa yake yi, wanda ya faɗo daidai kan bugun kuma ƙaruwa yake yi.

Muka auna. Sosona ya lotsa kamar milimita 3, wato wajen bugu 9. A nan ne ya gaya min abin da ya sa na yi shiru. Hannun garmaho da 'yar robar da ke riƙe da tsinken allura su ma lilo ne, kuma masu ƙira da gangan suke ajiye bugunsa tsakanin 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Sun zaɓi wurin ne don yana sama da hawa da saukar faifan da ya lanƙwashe, wanda ba ya cika wuce 6, yana kuma ƙasa da 20 inda kunne ke fara jin kiɗa. Ni kuwa na je na ɗora lilo mai bugu 9 a ƙarƙashin lilo mai bugu 10, a kan daɓen katakon da shi ma lilo ne. Uku a jere, kowa yana tura ɗan'uwansa.

Ya ce dama masu ƙera garmaho sun rabu gida biyu tun da daɗewa. Wasu suna rataye faranti tare da hannun allura a kan sifirin uku masu laushi sosai a cikin akwatin, kamar yadda kamfanin AR na Amurka ya yi a 1961, daga baya Linn na Sikotland ya bi wannan hanya a farkon shekarun 1970. Wasu kuma nauyi da tauri suka dogara da su. Na Baba bai shiga ko ɗaya ba, kilo 6 ne a kan ƙafafun roba huɗu da suka bushe suka zama kamar dutse.

Da zai tafi ya ce, “Ka fara sanin daga ina girgizar take, Yaya, kafin ka sake yanka katifar 'ya'yana.”

Asabar, 7 ga Disamba

Garin dutse muke, don haka nauyi bai yi wuyar samu ba. Na je wurin masu yanka dutsen kanta na kicin na sayi ragowar giranit, tsawo santimita 45, faɗi 40, kauri 3. Da na ɗora a sikeli ya kusa kilo 15. Na hau da shi bene da ƙyar.

Sakamako rabi da rabi. Ƙwanƙwasa shokes ya ragu sosai a lasifika, gurnani ya kai ƙarfe 12 da rabi. Amma dutsen yana da tasa murya, in ka buge shi da maɓalli sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma na ji muryar mawaƙi ta ɗan yi kaifi. Da na shimfiɗa guntun tub ɗin mota tsakanin dutse da katako sai ƙarar ta mutu. Maganar taku kuwa tana nan yadda take. Daɓen ɗaki gaba ɗaya ne ke sauka yana tashi, shokes da dutse da garmaho suna bin sa tare, kilo 15 bai isa ya hana gungume lanƙwasa ba.

Na gwada ƙwallon tanis da aka raba biyu, guda huɗu a ƙarƙashin dutsen. Bai fi soso da wani abin kirki ba. Na mayar wa yara.

Laraba, 18 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, hazo ya rufe duwatsun Shere, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala. Sai ga wata sabuwa da ba ta shafi girgiza ba. Iska ta bushe ƙarƙaf, in na zaro faifai daga riga sai in ji gashin hannuna ya miƙe, shimfiɗar farantin ta biyo faifan ta manne, ƙura kuma ta taru a kai kamar an kira ta. Sauti ya cika da ƙas-ƙas.

Na wanke guda goma da ruwan da aka tace na zubawa a batir, wanda ba shi da asid, da ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya, ina bin tsagin da burushi mai laushi, ina kiyaye takardar tsakiya. Na jingine su suka bushe a inuwa. Na canja shimfiɗar ulu da ta roba. Ƙas-ƙas ya ragu da yawa. Masu juyi 78 ɗin nan ban taɓa su ba, garmahon ba ya wannan gudun, kuma tsaginsu faffaɗa ne, allurarsu daban. Wanda ke da irinsu ya kiyaye, kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi.

Murfi kuma ya zama ciniki. In na cire, ƙura. In na bari a buɗe, gurnani. Yanzu dai ina cirewa in saurari gefe ɗaya, minti ashirin da wani abu, in mayar.

Asabar, 28 ga Disamba

Wani abokina da ke sa kiɗa a wuraren biki ya gayyace ni Bukuru in ga nasa. Technics SL-1200MK2 ne guda biyu, ƙirar da ta fito a 1979, kowane ya haura kilo 12, moto ne kai tsaye a ƙarƙashin faranti babu bel, gindin kuma roba ce mai kauri. Ya ajiye su a kan tebur a daɓen siminti, lasifikoki ƙatti suna rugugi a gefe, allura ko a jikinta. Ya ce, “Alhaji, ka daina wahalar da kanka, ka sayi irin wannan kawai.” Da ya faɗi kuɗin na hannu a yanzu sai na ce a gai da gida.

Amma a hanya na yi ta tunani, ko da na saya, daɓensa siminti ne a kan ƙasa, nawa katako ne a sama. Ban yarda nauyin garmaho kaɗai ne ya cece shi ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tunda daɓe ne ke rawa, sai a bar masa daɓensa. Na kira maginin da ya yi mana gyaran katanga. Na nuna masa bangon da nake so, ya ƙwanƙwasa ya girgiza kai. “Oga, wannan ai raba ɗaki ne, a kan katakon nan yake zaune. In ka kafa a nan, an gudu ba a tsira ba.” Ya kai ni bangon waje, bulo inci 9, wanda ya taso tun daga harsashin gini. Nan muka tsaya.

Mai walda ya haɗa min hannaye biyu da ƙarfen kwana, kowane da tokari a tsaye kamar alwatika. Katakon sama filawud ne mai kauri, ninki biyu da aka manne, daga Kasuwar Katako. Noti shida muka sa, irin masu buɗewa a cikin bango, kuma maginin ya nace sai kowane ya faɗa inda bulon yake cike, ba cikin rami ba. Huda biyu muka ɓata kafin mu dace. Ya ɗora lebur ɗinsa mai kumfa a ruwa, gaba da baya, dama da hagu, muka cusa wasa ɗaya, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, a hannun hagu sannan kumfar ta zauna tsakiya. Kafin in ɗora garmaho sai da na rataya da hannu biyu in ji ko zai motsa.

Ana cikin huda, Hajiya ta aiko. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi min magana kai tsaye ba. Uwargida ta kira ta ce, “Ki gaya wa mutumin naki, mai gidan nan bai taɓa huda bango don waƙa ba.”

Da magariba na kira auta na ce ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi duk abin da na hana shi wata biyu. Ya dube ni kamar ba ni ba. Ya yi ta dirka har ya gaji. Allura ba ta motsa ba. Gurnani bai taso ba sai ƙarfe 2, wurin da ba mai iya zama a ɗakin ma saboda ƙara.

Litinin, 13 ga Janairu

Murna ta koma ciki. Da ƙarfe 4 na yamma maƙwabta suka tayar da injin markaɗe, wanda ke girke a jikin katangar da ta haɗu da bangonmu. Da garmaho yana kan shokes ban taɓa jin sa a lasifika ba, katakon daɓe yana tace shi. Yanzu da na ɗaure kaina da bango sai ga shi tsaf a ƙarƙashin kiɗa, durrr, kamar mota tana jira a waje. Na kashe moto na yi gwajin faifai a tsaye, na tabbatar. Na ɗora tafin hannu a bango, na ji shi. In tifa ta wuce da lodin dutse ma ana ji, amma wannan daƙiƙa uku ne.

Ba zan je in ce wa baiwar Allah ta daina neman abincinta don ina jin goge ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na buga wa ƙanina waya. Ya ce wannan labari mai daɗi ne. Na ce daɗin me. Ya ce taku girgiza ce mai jinkiri, biyu zuwa biyar a daƙiƙa, ba lilon da zai tare ta a ɗaki sai dai a guje mata, kuma na guje. Inji kuwa mai sauri ne. Ƙaramin injin fetur yana juyi wajen 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa. In na yi lilo mai bugu 5, a takarda abin da zai ratsa wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai. Laushin da ya cuce ni a kan daɓe shi zai yi min rana a kan bango.

Ban bi maganarsa nan take ba, don na riga na sa kafinta ya yi min akwatin yashi: santimita 50 da 42, zurfi 7, da murfin katako da ke kwanciya a kan yashin ba tare da ya taɓa gefe ba, an bar tazarar rabin santimita ko'ina. Yashin rafi na samo, na wanke, na tankaɗe da rariya, na shanya kwana uku. Da na ga da sauran danshi sai na zuba a kasko na soya. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, gyaɗar fa? Ko yashin za mu ci haka?” Dole ya bushe sarai, in ba haka ba katako ya kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa.

Yashi zurfin santimita 5 ya ba ni kusan kilo 17. Abin da ya yi: ƙwanƙwasa katakon ya mutu murus, sauti ya natsu, kalangu ya fito da gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai yi ba: injin markaɗe ya ragu ne kawai, bai tafi ba. Yashi yana shanye ƙarar da ke yawo a jikin katako, amma ba lilo ba ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na sauke akwatin yashi, don ban so in tara wa notin nan shida yashi da dutse gaba ɗaya. Na sayi tub ɗin keken yara, inci 16, wurin mai faci. Ya ɗauki famfo zai cika shi, na ce a'a, bugu uku ya isa. Ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ko yaro ba zai hau ba.” Na ce ba yaro ne zai hau ba.

Jerin yanzu: katakon bango, tub kwance kamar gammo, dutsen giranit a kai, garmaho a saman dutse. Iskar kaɗan ce, daidai yadda dutsen zai tashi daga katako da kamar kaurin ɗan yatsa. In na danna kusurwa na saki, yana lilo a hankali har ido na iya bin sa, ya tsaya bayan uku ko huɗu. In aka cika iska tub ya yi tauri, bugun ya hau, an koma gidan jiya.

Wahalar ita ce lebur. Moto yana baya ta hagu, can nauyi ya fi, sai dutsen ya karkata. Na yi ta matsar da tub ɗin a ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan zuwa wajen moton, kusan awa guda, har kumfa ta zauna. Wayoyin baya ma sai da na sassauta su suka yi lanƙwasa, don in sun miƙe tsam girgiza ta kansu take bi ta tsallake tub ɗin. Na fere ɗan gurbi a katako inda bakin tub zai leƙo, saboda ƙarin iska.

Ƙarfe 4 aka tayar da inji. Na kashe moto, allura a kan faifai, na kai maɓalli ƙarfe 12. Sai da na kanga kunne a lasifika na ji wani abu can nesa. Ta taga nake jin injin yanzu, ba ta allura ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

An ɗauke wuta tun safe, na tayar da janareta, na sa faifan da na fi sani. Muryar ta yi siriri, kiɗan yana gaggawa, can kuma in firij ya tashi sai ya ja baya. Moton garmahon nan irin wanda ke bin bugun wuta ne, in 50 ce ya yi 33 da sulusi. Na sa mita a soket na ga 52. Lissafi ya ba da juyi kusan 34.7, ƙarin kashi 4 cikin 100, kuma kunne yana kama wannan. Irin na abokina na Bukuru ba ruwansa da haka, agogon kwatz ne a ciki ke riƙe masa gudu. Wannan ne kuma ya sa wanda ya sayo mai irin motona daga Amurka, inda wutarsu 60 ce, zai ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci, sai an canja ɗan ƙarfen da bel ke hawa.

Na mayar da garmahon kan layin inbata, ita ba ta kauce wa 50. Na ɗora waya a kan faranti da manhajar auna juyi, ta nuna 33.4. Na bar shi haka.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mako uku ke nan a kan tub. Sau biyu na ƙara iska. Da safe in sanyi ya yi, kumfar lebur tana ɗan gusawa baya, da rana ta dawo. Ranar Alhamis na tarar dutsen ya zauna a kan katako ta kusurwa ɗaya, injin markaɗe ya dawo lasifika kamar bai taɓa tafiya ba. Wannan ba abin da zan yi ta gadi ba ne har abada. Ƙanina ya ce a nemo sifirin uku na ƙarfe waɗanda za su lotsa santimita 1 zuwa 2 a ƙarƙashin kilo 7 kowane, tunda dutse da garmaho sun kai 21, a cusa ɗan soso a cikinsu don lilon ya riƙa tsayawa da wuri. Na zaga Dilimi jiya, duk waɗanda na samu na bawul ɗin inji ne, ko na hau kansu da ƙyar za su motsa. Wani ya ce in gwada na tsohuwar kujerar kushin.

Ɗazu bayan la'asar na ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa. Hajiya ce, wadda rabonta da hawa sama tun bara. Ta zauna a bakin gado ba ta dube ni ba, ta ce wa uwargida, “Akwai wani mai jar takarda a tsakiya, gefensa ya ɗan ɓalle. Shi yake sawa ran Juma'a.” Na nemo shi, yana cikin waɗanda ban wanke ba. Na ce a ba ni zuwa gobe ya bushe. Ta ce ba ta san hawa biyu ba, a sa shi haka nan. Na share shi da burushi na sa, da ƙas-ƙas ɗinsa da komai, ta ji gefe ɗaya, ta ce a juya.

Azumi ya ƙarato, don haka zan rufe garmahon da zane a ƙarshen makon nan. Kafin nan ina so in kai wa kafinta akwatin yashi ya rage masa tsawo ya koma ƙarƙashin amfilifaya, in kuma leƙa masu gyaran kushin a Kasuwar Katako da sikeli da rula a aljihu.